Inna, Ni Na Raba Ki da Kaba

Assalamu alaiki, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga mahaifiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar kabari. Ɗanki Tanko ne. Shekara bakwai ke nan da muka kai ki makwancinki, ban taɓa zama na rubuta miki komai ba. Kin san ni da biro ba mu cika shiri ba, a aji uku na sakandare na tsaya. Yau dai ta kama dole.

Labari na farko, 'yata Ummi mai sunanki ta sauka lafiya ranar Juma'a, an samu mace. Tana nan gidana a Makoda, ta zo goyon ciki. Gobe suna.

Na biyun shi ne ya zaunar da ni.

Washegarin haihuwa na shiga duba ta, na tarar an ajiye mata kunun kanwa a sabuwar kula daga shagona. Ta dube ni ta ce, "Baba, duk gidan nan babu ko faifai ɗaya na Inna? Tun ina ƙarama ta ce in na haihu da nata za a rufe mini kunu." Uwarta ta sunkuyar da kai. Ni kuwa, da wannan bakin nawa da bai saba cewa babu ba, na ce mata kafin suna zai zo.

Na fito ina ganin abu ne mai sauƙi. Faifai ne fa. A ƙauyenmu wane gida ne babu naki?

Ina tuna yadda kike yi. Kina hango tafiyar yarinya a hanyar rijiya kin gane tana da ciki. Ba za ki ce komai ba, sai cikin ya kai wata bakwai, sannan ki ɗauki mayafi ki tafi gidansu. Ba ki taɓa ambaton ciki ba, don kada ki ba ta kunya. Abin da kike cewa kawai, "Miƙo mini ƙwaryar kununki in gani." Ki auna bakin ƙwaryar da zaren kaba, ki ƙulla, ki soke a gefen ɗankwali. Kina aunawa kina kallon ƙafarta da idonta. In kin ga kumburi, ki ja uwar mijin gefe ki ce a kai ta asibiti. Bayan mako biyu ki koma, wai ba ki tabbata da awon ba. Alhali kin tabbata.

Daga nan sai gindin darbejiyar tsakar gida. Kaba a jiƙe cikin kasko, wata fara, wata kin rina ta ja da karan dafi, basilla a hannunki, mata uku ko huɗu kewaye da ke, kowa da abin da ya kawo ta. Ran suna ki kai faifai da kanki, ki ɗora a kan ƙwarya ya zauna cif.

Malamai kuma mafici. Duk bazara sai kin yi wa Malam Isa na firamare nasa, mai baki ja, ki ba ni in kai. Na gama firamare, na shiga sakandare, na fita, kina nan kina yi masa. Wata rana na ce miki ai na daɗe da barin hannunsa. Kika ce, "Karatun da ya zuba maka ya ƙare ne?"

Mu 'ya'yanki ma ba ki bar mu ba. Yayyena kowacce ta tafi ɗakin miji da faya-fayanki jere a bango. Ni da na fara yawon kasuwa kika saƙa mini malafa saboda rana.

Inna, kin san ba wanda ya ba ni jari. Da keke na fara, bokitai da robobi ɗaure a baya, yau wannan kasuwa gobe waccan. Daga keke zuwa babur, daga babur zuwa rumfa, har yau motata na kai kaya Gezawa. In aka ce Alhaji Tanko Mai Roba, an san wa ake nufi. Ba na jin kunyar faɗin wannan, guminna ne. Amma girman da na samu bai tsaya a kaina ba, sai da ya taka ki.

Abin ya faru ne ranar suna a gidan wani abokin kasuwancina, wanda ya auri yarinya daga ƙauyenmu. An zo daga Kano da atamfofi da akwatuna. Ina tsaye a ƙofar gida cikin manyan mutane kika zo wucewa, faifai naɗe a tsohon zane ƙarƙashin hammatarki. Wani ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kai da roba har sama, tsohuwa da kaba? Ko ba ka ba ta ne?" Kowa ya yi dariya, har ni. Amma maganar ta kwana a cikina, ta kuma tashi da ni.

Mako bai zagayo ba na turo mota har ƙofar gidanki. Kwanuka masu murfi, kuloli, bahon wankan jarirai, butoci. Na cika ɗakin da kike ajiye kaba, na sa aka kwashe kabar aka ba masu ɗaurin darni. Har yanzu ina jin muryata ina ce miki, "Inna, daga yau kin huta. Duk wadda ta haihu, ɗauki ɗaya ki aika mata. Uwar Alhaji ba ta zaman ɗinkin faifai."

Kika daɗe kina kallon ɗakin. Sannan kika ce, "To, Tanko. Allah ya yi albarka."

Wallahi na tafi ina jin na biya ki wani abu.

Abin da ban gane ba shi ne, kwanon roba ba ya buƙatar awo. Yana zuwa da murfinsa. Ke kuma mace ce da ba ta shiga gidan mutane ba dalili, kin sha faɗa. Da babu awo, sai babu zuwa. Aka riƙa zuwa barka a wuce ta gidanki a karɓi kwano a tafi. Matan da ke zama gindin darbejiya suka ragu, don zama gaban mai aiki daban, zama gaban wadda ta naɗe hannu daban. In na zo ran Juma'a sai in same ki kan tabarma, hannuwanki a cinya, yatsunki na motsi ba komai a cikinsu. Na ce tsufa ne, na sayo miki rediyo. Shekara biyar kika yi a haka, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba tsakanina da ke, ban taɓa tambayarki ko kina kewar wani abu ba.

Ran Lahadin nan na tafi ƙauye neman faifanki. Na bi gida gida, ina tsayawa a zaure ina sallama. Mafi yawa suka ce ya daɗe da cinyewa. Gida uku na samu da saura. Matar Malam Hadi ta aiko da nata na gani, bakinsa duk ya zare, amma ja da farin suna nan. Na sa hannu a aljihu. Mijin ya riƙe mini hannu ya ce, "Alhaji, kada ka ɓata mata rai. Yaron da aka yi wa shi ya rasu, shi ke nan abin da ya rage mata." Sauran biyun ma ba su bayar ba. Ban ga laifinsu ba.

Na biya wajen Malam Isa. Ya tsufa ƙwarai, amma ya gane ni, har ya tuna ni ne mai gudu ran lissafi. Maficinki na ƙarshe yana hannunsa, an ɗaure mariƙinsa da tsumma. Shi ya ba ni labarin da ya karya ni. Ya ce bazarar farko bayan na kawo kayan, da kanki kika zo, da buta sabuwa a hannu. Kika durƙusa kika ajiye kika ce, "Malam, a yi haƙuri, bana abin da ya samu ke nan."

Haƙuri kika ba shi, Inna. Kayan da nake taƙama da su, haƙuri kika bayar a kansu. Kuma ba ki ce masa ni na hana ki ba.

Daga nan ƙafata ta kai ni gidan Gwaggo Lami, aminiyarki. Idonta ya tafi, bakinta na nan yadda kika bar shi. Tana jin muryata ta ce, "A'a, Alhaji Roba! Yau me muka yi? Ko an daina haihuwa a Makoda ka zo raba mana kwanuka?" Na zauna a ƙasa na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta lallaba ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsumma. Basillarki ce a ciki, da faifai wanda bai wuce tafin hannu ba. Ta ce ranar da motata ta zo, shi ne a hannunki, na wata yarinya ne da ke gab da haihuwa. Kika ɓoye shi a zane, da yamma kika kawo mata kika ce ta ajiye, kada in gani raina ya ɓaci.

Na ce ta nuna mini wadda za ta ƙarasa shi. Ta ce masu yi sun mutu, 'yan baya ba su koya ba, don a gindin darbejiyarki ake koyo. Na ce zan kai kasuwa a nemo mai yi. Ta ce, "In na kasuwa kake so, je ka saya, ka ce mata na Inna ne. Ai ka iya ciniki." Na ce a'a. Ta ce, "To kai ba ka da hannu ne? Zauna."

Aikin mata ne, Inna, kin sani. Na dubi shaddar da ke jikina, na dubi hanya. Zauren Gwaggo ko ƙyaure babu. Amma na zauna.

Kwana uku ina zuwa da safe in tashi da la'asar. Na sayo sabuwar kaba, muka jiƙa naki ya yi laushi. Tana riƙe da yatsuna tana nuna mini inda zan soka, yadda zan naɗe, yadda zan ja. In na yi layi ɗaya sai ta shafa ta ce, "Warware. Wannan ko kaza ba za ta kwanta a kai ba." Basilla ta shiga yatsana ban san sau nawa ba. Masu babur suna wucewa suna rage gudu. Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Alhaji, kasuwar ce ta faɗi?" Da a da ne da ya ji amsa. Na ce masa saƙon Inna nake ƙarasawa. Ya cire hularsa ya mayar, ya yi miki addu'a ya wuce.

A kwana ukun nan na san abin da ke cikin faifai ɗaya. Bayana ya ƙage, idona ya yi ja, kuma duk sukar da na yi Ummi ce a raina. Ashe haka kike zama da kowace yarinya a zuciyarki mako da makonni kafin ki kai mata. Wannan na kira wahala, na ce na hutar da ke.

Bai yi kyau ba, gaskiya. Tsakiyarsa taki ce, a matse, ja da fari kamar an zana. Daga inda na karɓa fari ne zalla, a sake, gefe ɗaya ya tashi sama. Gwaggo ta shafa shi kaf ta ce, "Allah ya ji ƙan Hauwa, da ta gani da ta yi dariya har ta yi tari. Ɗauki ka kai."

Jiya da yamma na kai mata. Ta ajiye jaririyar ta karɓa da hannu biyu. Ta bi shi da yatsa tun daga tsakiya, tana zagayawa a hankali, har ta iso inda ɗinkin ya sauya. Ta ce, "Nan hannunta ya tsaya." Ta ga yatsuna, sai hawaye. Can ta ɗago ta ce, "Baba, me ya sa ta daina ne wai? Ina ƙarama lokacin, ba wanda ya taɓa gaya mini."

Na ce mata ido ne ya ba ki matsala.

Inna, ƙarya na yi. Har kika koma ga Allah kina zura zare a allura da kanki. Na iya zama a zauren da ba ƙyaure duk gari na kallona, amma na kasa duban 'yata in ce mata ni ne. Ta yarda, har ta ce Allah sarki Inna, ta tausaya miki a kan ciwon da ba ki taɓa yi ba. Na raba ki da aikinki kina raye, jiya kuma na ɗora wa idonki laifina kina kabari.

Shi ya sa ban bar takardar nan a aljihu ba, na sa ta inda mutane za su gani. Ummi ma za ta karanta duk abin da na rubuta. Kafin a raɗa wa yarinyar nan suna gobe za ta san gaskiya, kuma ban san da wane ido za ta dube ni ba. Ko me ta ce na karɓa. Abin da ba zan iya samu ba shi ne naki bakin. Da kin yi mini faɗa ranar, da kin ce Tanko fitar mini da tarkacenka, da yau ina da abin riƙewa. Albarka kika sa mini.

Ki yafe mini, Inna.

Ya Allah ka ji ƙan Hauwa'u, ka haskaka kabarinta, ka sanyaya makwancinta. Kowace mai jego da ta rufe wa kunu, kowane malami da ta yi wa mafici, ka sa ya zama nauyi a mizaninta. Shekaru biyar da ta yi hannu a cinya saboda biyayya ga son zuciyar ɗanta, ka rubuta mata ladansu cikakke, ka yafe wa wanda ya jawo. Ka raya abin da aka haifa mana, ka ba ta hannu irin na Inna da zuciya irin tata. Ka haɗa mu a gidan Aljanna in faɗa mata da bakina. Amin.

Ɗanki da ya gane a makare,
Tanko