Gangarka a Hannun Bulus

Sabon Tasha, Kaduna.

Zuwa ga maigidana, Baban Bulus,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana hutawa a wurin Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Babu gidan wayar da zai karɓe ta, ni ma ban sayi kan sarki ba. Lokacin da kake da rai ka yi ta fama da ni in shiga ajin karatu na zumuntar mata, ina ce maka kai ne idona, me zan yi da biro? To, idon ya tafi, na shiga ajin da furfurata. Yanzu da kaina nake haɗa baƙi. In layin ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da faifai.

Gida muna nan. Mangwaron da ka dasa a bakin rijiya ya fara 'ya'ya, yaran unguwa ba sa barin su nuna. Kwanon ɗakinmu har yanzu yana yoyo a kusurwar da ka ce za ka gyara in damina ta wuce. Kaya sun yi tsada. Sabulu da madara sai an bi layi, soja na tsaye da bulala. Duk wannan ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Maganar ɗanka ce, da maganar gangarka.

Bayan rasuwarka ba da daɗewa ba masaƙar da Bulus yake aiki ta rage ma'aikata, har da shi. Da farko yakan wanke rigarsa ya fita neman aiki, ya je Kakuri, ya tsallaka gada ya shiga gari. Daga baya ya daina wanke rigar. Sai na fara jin labarin ana ganinsa a gidan burukutu na bayan layin dogo tun rana ba ta yi tsaka ba. Yakan dawo da jan ido, ya wuce ni a tsakar gida kamar bai san wadda ta goya shi ba. Na yi kuka, na yi faɗa, na kai ƙara wurin fasto. Babu abin da ya shiga kunnensa. Da kana nan, me za ka yi? Kai da ko tsawa ba ka iya ba?

Gangarka kuwa tana rataye a ƙusa inda ka bar ta, fatar ta bushe har ta tsage. Ƙungiyarmu ta rawa ta watse, don babu makaɗi. Wata Lahadi bayan sujada Ladi, ƙawata da muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a layin rawa tun muna amare, ta biyo ni gida. Ta tarar da Bulus kwance a kan benci. Ka san bakin Ladi. Ta ce masa ɗan makaɗi guda yana kwance kamar buhun gawayi, tsofaffi kuma ƙafafunsu na ƙaiƙayi. Ta ce in ba zai taɓa gangar ba ya ba ta, ta zuba gero a ciki. Ya juya mata baya. Amma da gari ya waye na ga ƙusar babu komai. Ya kai ta wurin masu jima a Tudun Wada an sa mata sabuwar fata.

Ka tuna yadda yake gudun gangar nan yana saurayi? Wai rawar ƙauye ce, shi sai kiɗan turawa da wando mai faɗin ƙafa. Bai taɓa zama kusa da kai ya koya ba. Saboda haka da ya tashi koyo, sai ya ɗauko kaset ɗin nan da mutumin gidan rediyo ya ɗauke mu a ciki tun Bulus yana firamare. Ya sa a rikoda, ya saurara, ya mayar baya, ya kaɗa, ya sake mayarwa, har batir ya mutu ya sayo wani. Baban Bulus, yaron nan ya iya. Ranar da na fara jin kiɗan ya fito daidai ina tsakiyar tuƙa tuwo, sai da na saki muciya na riƙe bango. Na ɗauka kai ne. Tun daga lokacin kuma bai sake taka gidan burukutu ba.

Muka dawo da rawa, mu tsofaffin da suka rage. Labari ya kai ofishin al'adu. Wani jami'i, yaro ne da kwat da jakar hannu, ya zo ya same mu a filin makaranta. Ya ce ana babban taro a wani zaure a ƙetaren kogi ranar Asabar, manya za su zo, yana so a nuna rawar girbin acca irin ta mutanenmu na kan dutse. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko ba mu da 'yan mata. Ladi ta ce masa 'yan matan suna nan, mu ne, ya makara ne kawai da zuwa. Ya yi dariya, amma ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce dandamalin katako ne, ba ƙasa ba, in wata baba ta faɗi a gaban manya shi za a tuhuma, kuma daga ranar ya gama da mu. Sannan ya ja Bulus gefe ya ce masa suna neman makaɗi a ƙungiyar gwamnati, in abin ya yi kyau ranar Asabar zai kai sunansa.

Ka ga inda nake? Aiki ne, Baban Bulus. Aikin da zai sa ya riƙa tashi da safe yana wanke riga.

Yanzu ga abin da ke cin raina. Ka san wurin nan a tsakiyar rawa, inda muke sauka ƙasa da faifai a hannu kamar masu sheƙa, mu yi ƙasa har zane ya taɓa ƙura, akayau na kuka a ƙafafunmu, sannan ganga ta kira mu miƙe gaba ɗaya. Ni ce a gaban layi, kowa ni take kallo. Tun ina budurwa ban taɓa makara a wannan tashin ba. Amma da Bulus ya fara yi mana kiɗa, ganga sai ta kira ina ƙasa. In yunƙura, gwiwar hagu ta ƙi. Kafin in miƙe kiɗa ya yi gaba, na baya sun rikice. Ranar Talata da muka gwada, faifan ya kuɓuce mini, na dafa ƙasa da hannu biyu. Na ce wa mata tsakuwa na taka.

A hanyar gida na ce wa Ladi ban gane ba, bara waccan da kai kake kaɗawa lafiya lau nake tashi, yaya tsufa zai faɗo mini rana ɗaya? Ta tsaya a bakin hanya, ta ajiye jakarta, ta dube ni kamar ta ga sabuwar mahaukaciya. Ta ce wai duk Sabon Tasha ni kaɗai ce ban sani ba. Ta ce ka daɗe kana rage gudun gangar, kowace shekara kaɗan, yadda ba mai lura sai wanda ya sa kunne. Ta ce idonka ba ya barin ƙafata ta hagu. In mun sauka ƙasa kakan ƙara wani ɗan bugu da babu shi a kiɗan asali, ka riƙe mu a nan har sai ka ga na dafa gwiwa na kafa diddige, sannan ka kira tashi. Ta ce su duka sun sani, kuma su duka sun ji daɗin abin, don ba gwiwata kaɗai ta tsufa ba.

Da na isa gida Bulus ba ya nan. Na kunna kaset ɗin na zauna na saurara da kyau. Gaskiyar Ladi ce. Kiɗan da ke ciki gudu yake kamar ruwan kwazazzabo, kuma ɗan bugun nan babu shi. Wannan kiɗan na wata mata ce mai jini a jika, wadda takan yi rawa da goyo ba ta haki. Bulus bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ya koyi kiɗanka na da, ni kuma ba ni da ƙafata ta da.

Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba? Ka tuna yadda nake tsokanarka in mun dawo daga wasa, ina cewa hannunka ya tsufa, ni ce nake jan gangar da ƙafata? Kakan yi murmushi ka ce haka ne, Saratu, ki yi haƙuri da tsoho. Ashe ɗauke ni kake yi a gaban jama'a, ina ta taƙama. Na ji haushinka ranar, har na ƙi cin tuwo. Daga baya na rasa inda zan sa kaina, don mutumin da ya kamata in yi wa godiya yana ƙarƙashin ƙasa. To, ga ta a rubuce. Na gode.

Sai tunanin yaron ya hana ni sakat. In na yi shiru, zan faɗi a kan katakon mutane, in ja masa asarar aikin. In na janye, matan ba za su hau ba, don babu wadda ta yarda ta tsaya a gaba. In kuma na gaya masa, yaya zai ji? Abu ɗaya da ya riƙe a duniyar nan shi ne yana kiɗa kamar ubansa. Yakan rufe ido in yana kaɗawa, ka sani? Ya rufe ido ya ɗaga kai sama, kamar yana sauraronka daga wani wuri. Ta yaya zan ce masa ya buɗe?

Na gaya masa shekaranjiya da hantsi, yana gyara igiyar gangar. Ban iya zaɓen magana ba, ka san ni. Na ce masa kiɗansa ya yi mini sauri, na ce babansa ba haka yake yi mana ba a ƙarshe. Ya ce ai kaset ba ya ƙarya. Na ce kaset bai san ina da gwiwa ba. Na ce makaɗi ƙafar mai rawa yake kallo, ba cikin kansa ba. Fuskarsa ta canza. Ya ce wato duk wahalar da ya sha banza ce, har yanzu bai kai ba, ba zai taɓa kaiwa ba. Ya ajiye gangar a ƙasa, ba ma a ƙusa ba, ya fita.

Bai kwana a gida ba. Jiya na ɗaura zane na nufi bayan layin dogo, ni da ban taɓa taka wurin ba. Na tsaya daga nesa ina leƙen masu shiga da fita, kunya kamar ta kashe ni. Ban gan shi ba. Ban sani ba ko in yi murna ko in ƙara tsorata. Na dawo ina ta magana da kai a hanya, har wata mai tallan gyaɗa ta tambaye ni ko lafiya.

Yau da safe ya shigo. Na matsa kusa da shi kamar zan ɗauki tsintsiya, don in shinshina. Babu warin komai sai na zufa. Ashe wurin Ladi ya je, ta zaunar da shi ta ba shi labarinka tun daga farko, ya yi kwana biyun nan a zauren gidansu. Ya zauna a kan benci. Na ci gaba da aikina, na share tsakar gida, na durƙusa na hura wuta, na dafa gwiwa na miƙe. Sai na ji wani ɗan sauti a bayana. Da na waiga, idonsa a buɗe yake, yana kan ƙafata ta hagu, yatsunsa kuma suna bugun cinyarsa a hankali. Na sake durƙusawa da gangan kamar na yar da wani abu. Ya riƙe bugun, ya jira. Ya kira tashi kafin in gama kafa diddige, amma ya jira.

Bai iya ba tukuna, kada in yi maka ƙarya. Wani lokaci ya yi jinkiri har abin ya zama kamar kiɗan makoki, wani lokaci hannunsa ya tuna kaset ya ruga. Abin da ka yi shekaru kana aunawa, shi kwana ɗaya ya rage masa. Gobe ne Asabar. Ban taɓa rawa a kan katako ba tun da gwiwar nan ta fara, an ce yana da santsi, kuma ba ya karɓar ƙafa kamar ƙasa. Ladi ta kawo mini man zafi na shafa, na wanke zanen rawa, na goge akayau da toka. Tsoro nake ji, Baban Bulus. Ba tsoron faɗuwa a gaban manya ba, su wa suka san ni? Tsoron abin da zai faru da fuskar yaron nan in ya ga uwarsa a ƙasa, da kuma inda ƙafarsa za ta kai shi bayan haka.

Mutane suna cewa me tsohuwa take nema a dandamali, ta zauna ta yi jikoki mana. A da ina da amsa mai daɗi, ina cewa jikina ne yake so. Yanzu amsar ta fi haka nauyi. Zan hau ne in sauka ƙasa a gaban ɗana, in ba shi ƙafata ya karanta, kamar yadda malamar ajinmu ta riƙe hannuna a kan baƙi na farko.

Ban sani ba ko ana barin ku ku leƙo. In ana bari, kada ka dube ni, na san kallona ka yi ta yi har ka tafi. Ka dubi hannun Bulus. In ka ga zai kira tashi ina ƙasa, ka riƙe masa wuyan hannu kaɗan, daidai ɗan bugun nan naka.

Ka huta lafiya. Gangar tana nan, an mayar da ita ƙusarta, gobe da sassafe za a sauke.

Ni ce matarka, ta gaban layi,
Saratu, Maman Bulus.