"Ke" a Kan Dutse, "Ku" a Ƙauye

Mojstrana, ƙarshen Agusta

Yaya Breda,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da Igor da yara, da fatan kuma ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Ni ma lafiya nake. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana, ga shi kin san bangon gidan nan, ko tari aka yi Baba yana ji.

Ga rahoton da kika turo ni in kawo. Baba ya rame, amma irin ramar da mutanen birni ke biyan kuɗi don su yi. Yana cin abinci, yana shan maganinsa ba sai an tuna masa ba. Maganar keke gaskiya ce, Tončka maƙwabciyarmu ba ta ƙara gishiri ba. Keken hanyar tsakuwa ne, mai kaurin taya, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Akwai hular kwano. Akwai kuma wani wando mai ɗame jiki wanda ban so in yi miki bayaninsa.

Sauran abin da Tončka ta faɗa miki ma haka yake. Yakan fita da safe, sai yamma ya dawo. In an tambaye shi inda ya je sai ya ce nan da can. Burodi biyu yake saya kullum, kuma ban ga inda na biyun yake shiga ba. Na kuma gan shi da idona yana magana shi kaɗai a kan keke.

Na san kin riga kin kama masa layin ganin likitan ƙwaƙwalwa, kin kwashe kayan ɗakin ɗinkinki don ya koma wurinki Maribor kafin hunturu. Kin ce abin da na gani shi za a bi. To ki bar ni in gani tukuna. Shi ma ya san abin da ya kawo ni. Ranar da na iso ya karɓi jakata ya ce, "Ke aka turo leƙen asiri? Gara ke, ba kya ganin komai sai a littafi."

Na ce zan riƙa raka shi yawo. Ya dubi ƙafafuna ya ce in rufa wa kaina asiri. Na je na yi hayar keke.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Vida

Mojstrana, farkon Satumba

Yaya Breda,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fata yara sun koma makaranta lafiya. Ni dai ƙafafuna ne ba lafiya, zan gaya miki dalili.

Na bi shi. Na bari ya yi nisa sannan na hau, har ina ganin na yi dabara. Ya bi hanyar kwarin Radovna, inda kwalta ta ƙare, ba mota ba kowa, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da kogi a gefe. Daga nan ya ɗauki hanyar daji mai hawa makiyayar ƙauye. A nan na gane cewa karatuna duka bai koya mini yadda ake hawan tudu ba. Na sauka na tura. Da na kai ƙofar shingen shanu na tarar da shi zaune a kan kututture yana jirana. Ya ce tun daga gada ya ji ni, wai hakina ya fi ƙararrawar shanu ƙara. Ya ce in rufe ƙofar in biyo shi, tunda na riga na zo.

Kin san wadda ke riƙe shanun ƙauye a makiyaya bana? Madam Justina, matar marigayi mai kaɗa ƙararrawar coci. Wannan dai da Baba ya shekara arba'in yana cire mata hula yana cewa, "Madam Justina, kun tashi lafiya?" Burodi na biyun nata ne. Ta karɓa ba ta ko duba ba, kamar wadda ta saba. Ta kawo mana tuwon žganci da kindirmo, ta dafa kofi. Baba ya kurɓa ya ce, "Ke Justina, yau ma kofinki ruwa ne."

Ta ce, "Kai dai sha ka yi shiru, tsoho."

Yaya, ni da nake koyar da nahawu a jami'a, sai da cokali ya tsaya mini a hannu. Ke. Kai. Mutumin da har yau "ku" yake ce wa mijinki.

Ba su yi wani abu ba bayan wannan. Ya gyara mata wata ƙusa a shinge, ta yi masa faɗa kan ya gyara ta a karkace, ya yi ta murmushi. A hanyar dawowa, ban tambaye shi ba ya fara kare kansa. Wai ai al'adar dutse ce, in an haura mita dubu ba sauran "ku", ko minista ne sai a ce masa kai. Na ce haka ne. Sai na nuna masa wayata, wadda ke auna tsayin wuri: makiyayar ba ta kai dubun ba, da ɗan saura. Ya ce wayar ce ke ƙarya. Daga yadda ya faɗa na gane ya daɗe da sani. Ina jin ita ma ta sani. Maganar da yake yi shi kaɗai a kan keke kuwa, na matso kusa na saurara washegari. Bita yake yi ta abin da zai gaya mata in ya isa, in kuma ya isa sai ya ɓige da zancen kofi.

Ranar Lahadi ta sauko coci. A bakin ƙofa ya cire hula, "kun zo lafiya", ita ma "kuna lafiya, Malam Lovro". Na kasa kunne sosai, ko sau ɗaya bakinsu bai kuskure ba. Mutumin da ke raba kalmomi biyu haka daidai da tsayin dutse, ba na jin kansa ne ke da matsala.

Amma kada ki ɗauka na gama yanke hukunci. A gangara hannunsa na rawa a kan birki, na gani. Tsakiyar watan nan kuma shanu za su sauko, a rufe makiyaya, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Daga nan shi kaɗai zai zauna a gidan nan har bazara, yana cire wa Madam Justina hula daga nesa. In haka ne, ɗakin ɗinkinki ya fi masa. Ki ɗan ƙara haƙuri.

Na duba zuciyata ko zan sami haushi saboda marigayiya Mama. Ban samu ba. Ke kya iya duba taki.

Ina gaida Igor.

Ƙanwarki,
Vida

Mojstrana, tsakiyar Satumba

Yaya Breda,

Gaisuwa da fatan wannan takarda ta same ku lafiya. Na ga saƙonki, na kuma ga layukan da kika ja a ƙarƙashin wasu kalmomi. Ga amsa.

Ranar Asabar shanu suka sauko. An ɗaura musu furanni a ƙaho kamar yadda aka saba, ƙauye duka ya fito bakin hanya. Ni da Baba mun hau tun da safe. Wannan karon sau biyu kawai na sauka na tura. A saukowa ba wanda ya hau keke, muka turo su a bayan shanu, muna kauce wa abin da shanu ke bari a hanya. Justina na gaba da saniyar da ke jagora, Baba kusa da ita. Ni kuma ina baya ina aikina: so nake in ji daidai inda "ke" za ta koma "ku".

A ƙofar shinge suna kan "ke". A bakin kogi ma haka. Da muka hau kwalta sai Baba ya yi shiru gaba ɗaya, don kada ya yi amfani da ko ɗaya. Haka muka shiga ƙauye, ga fada, limamin coci, a tsaye, ga Tončka a sahun gaba da hannu a kan ƙugu.

A gaban coci aka tsaya don kowa ya karɓi shanunsa. Baba ya jingine keke, ya kwance hular kwano, ya riƙe ta a ƙirji. Fuskarsa irin ta mai zuwa ta'aziyya. Ya ce, "To, Madam Justina, kun yi ƙoƙari bana. Sai kuma..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta miƙa masa igiyar saniyar ta ce, "Wace Madam? Kai Lovro, kama mini wannan, hannuna ya gaji."

Da ƙarfi ta faɗa, irin muryar da take kiran shanu da ita. Baba ya dubi igiyar, ya dubi fada, ya dubi Tončka. Sannan ya miƙo mini hular ya kama igiyar. Ya ce, "Ke ma kin cika takura." Suka wuce da saniyar, suka bar ni da kekuna biyu.

Don haka ga abin da na gani, tunda shi kika ce za a bi. Ki mayar da keken ɗinkinki inda yake. Likita kuwa na roƙi Baba ya je a duba masa hannun, ya ƙi. Justina ta ce zai je, kuma zai je ranar Alhamis. Ya ce in gaya miki yana gode miki, kuma ba zai zo ba sai Kirsimeti, kuma wataƙila ba shi kaɗai ba.

Jibi zan koma Ljubljana, ɗalibai na jira. Gidan Justina kin san shi, nan bayan coci, tafiyar da ba ta kai mutum ya sa takalmi mai kyau ba. Duk da haka da keke yake zuwa, da hular kwano, da wandon nan.

Ki gaida Igor da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Vida