Randa a Hawa na Sha Tara

Litinin, 4 ga Maris

Wata guda ke nan ina gidan Gi-tae. Ni na haife shi, amma sai na danna lambobi ƙofarsa take buɗe mini. Gine-ginen duk uwa ɗaya uba ɗaya. Jiya na shiga na maƙwabta na yi ta danne-danne, har mai gadi ya rako ni kamar ɓatacciyar akuya. A takarda aka zana garin nan kafin a zuba mutane: tafki na haƙa, kowace bishiya da sandunan tokara, titi babu ko ɓawon albasa. Gari guda ba ya warin komai. Ni tsabtar nan tashin zuciya take sa ni.

Randata dai ta iso lafiya. Daddawar waken suya ce a ciki da baƙin ruwanta, wanda surukata ta gada ta bar mini. Duk shekara a ɗiba, a ƙara sabo. Ya girmi Gi-tae nesa ba kusa ba. Na faɗa masa tun a mota: inda randar nan ta zauna, nan zan zauna.

Alhamis, 7 ga Maris

Gidan nan fa babu baranda! Sun rushe ta sun haɗe da falo, wai don fili. Randa kuwa sai ta sha rana baki buɗe, da yamma a rufe, in ba haka ba ta lalace. Na ja ta jikin taga na buɗe duka biyun. Hye-rim, matar ɗan nawa, tana shigowa injin tace iska ya yi ja ya kama gurnani. "Mama, kin ga har injin kuka yake." Ta yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Asabar, 16 ga Maris

Akwai lasifika a bangon kowane gida, kuma ba a iya kashe ta. Muna cikin cin abinci ta yi tari: ofishin kula da gidaje na roƙon masu ajiye kayan wari a taga su tausaya wa maƙwabta. Gi-tae ya tusa kai cikin shinkafa. Na ce, "Warin nan ne ya gina maka ƙashin da kake zaune a kai." Ya ce, "Haba Umma, nan ba ƙauyenmu Sunchang ba ne."

Na san mai ƙarar. Maman Seo-jun ce ta samanmu. Ta tare ni a lif ɗin hawa bene: "Kaka, ke ce mai... abin nan? Shanyata duk ta ɗauka." Matar da ke tura kare a keken jarirai, da riga da hula, tana bin bayansa da leda tana kwashe kashi da hannu. Ita ce hancinta ya fi na kowa daraja. Tir!

Talata, 19 ga Maris

Rufin bene a kulle. Ciyawar tsakar gidaje ta kallo ce, ba a takawa. Na roƙi mai gadi wani ɗan lungu mai rana kusa da wurin shara, ya sosa ƙeya: "Kaka, kina ajiyewa zan manna mata takardar tsohon kaya, mota ta kwashe. Aikina ne." Gari mai kantin yi wa kare aski, amma babu taku ɗaya na rana don randa.

Na rufe taga. Na rufe randa.

Laraba, 27 ga Maris

Hye-rim ta rubuta sunana a wurin wankan ruwan ɗumi na ƙarƙashin gini, wai don gwiwata. Tsofaffi tsamo-tsamo suna tsalle da kiɗa kamar kwaɗi, kowa na shaƙar ruwan da wani ya kurkure jiki. Wata mai bakin tsiya, Madam Pyo, ta daka mini tsawa: "Ke 'yar ƙauye, ɗaga ƙafa mana, ba shuka kike yi ba!" Na ce ta fara ɗaga nata tumbin tukuna. Ta yi dariya har ta sha ruwa.

Gwiwa ba ta tashe ni barci ba. Dacewa ce kawai.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Fumfuna. Fara sol, ta rufe saman daddawar. Na kankare, na barbaɗa gishiri, na yi kuka ban ɓoye ba. Hye-rim ta ce a juye a roba a sa a firijin da suke ajiye kimchi, wato kabeji mai tsami. Na ce gawa ake sakawa a firiji. Na kira ƙanena Man-sik, zai zo da a-kori-kura. Ɗakina na ƙauye yana nan, ko da yake yana yoyo, asibiti kuma sai an yi mota biyu. Gi-tae ya ce, "Umma, saboda tukunya za ki bar mu?" Wanda ya ce mata tukunya ba zai gane ba.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Na haɗa jaka. Pyo ta ce ƙarya nake.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Man-sik ya zo da hantsi, Gi-tae da matarsa sun tafi kasuwa. Ya naɗe randar da bargo ya ɗaure tam. Kafin ya naɗe sai da ya leƙa ciki, ya ce za ta farfaɗo, rana kawai take so. Ya buɗe mini ƙofar mota: "Yaya, hau mana, hanya da nisa." Na ce likita zai duba gwiwar ran Talata, zan biyo shi daga baya. Ya kalle ni, ya kalli ginin, ya yi wani murmushi da ban so ba. "To, Yaya. Zan riƙa buɗe mata baki." Ya ja mota.

Na hau sama. Falo ya yi wani irin faɗi. Warin yana nan maƙale a labule, kuma, ban san me ya same ni ba, ya cika mini hanci. Na buɗe tagogi, na sauke labulen na cusa a injin wanki. Da Hye-rim ta dawo ta ce, "Mama, wa ya wanke labule?" Na ce ƙura suka yi.

Jakar tana nan bakin gado, ban kwance ta ba. Kayan wanka kawai na ciro.