Na Buɗe Ƙofar Ƙarshe Ba Kya Nan

Zuwa ga Lantana, uwar Farida, sanyin randa a tsakar bazara, gawona mai ganye lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe, ke da muryarki ta fi mini ƙamshin ruwan farko a kan ƙasar Cadawa.

A tsaye nake rubuto miki, don har yau zama gagara ta yake, kuma kin san dalili. Wane mai hankali ne zai saki igiyar sa, yana bisa amalanke, ya duƙufa wasan waya? Mijinki ne. Sa ya faɗa gonar waken maƙwabci, ni na faɗa rami, waya kaɗai ta tsira. Ga shi na saɓa alkawarin da na yi miki, cewa ƙofar ƙarshe ta wasan nan tare za mu buɗe ta.

Kin tuna yammacin da muke zama bakin rumbu, kanki a kafaɗata, muna bin ɗan sama jannatin nan da muka raɗa wa Dogo don sunansa ya fi ƙarfin harshenmu? Mutum ya farka cikin kumbo, ga tabo a wuya, ga shekara bakwai da ya ce bai san inda ya yi su ba, sai muryar wata mace a rediyo tana nuna masa hanya. Ina fassara miki da faransancina na ɗan aji huɗu a lakol, makarantar boko, inda ya ƙare in cika da ƙarya, kina dariya har kallabi ya zame. Na ce ciwo ne ya shafe masa tunani. Kika ce bai manta komai ba, ya dai ga mantuwa ta fi bayani sauƙi. Hasken idona, me ya sa ni kika kalla da kika faɗi haka, ba wayar ba?

Abin da ke bayan ƙofar, wanda ba ki ko tambaye ni ba: jan rairayi, hular Dogo a yashe, sawun mutum ɗaya ya miƙe har ya ɓace, rediyo kuma ta yi shiru. Mutuwa ya yi? Ko wurin mai muryar nan ya nufa? Ko ita ce ta gaji da mutumin da ba ya faɗin gaskiya, ta kashe rediyonta? Na ukun nan shi ke hana ni cin tuwo.

Kin dai shafa mini man zafi, washegari kika ce za ki Gidan Sori gaida inna, kwana uku. Yau tara. Na bi ɗakinki ina karanta shi yadda muke karanta kumbon Dogo. Kin bar kazarki da 'yan tsaki, na ce mai dawowa ce. Kin ɗauki kan keken ɗinki. Wa ke gaida uwa da keken ɗinki? Kin bar turarenki, amma kwalbar saura kaɗan, ko dama kin yafe ta? Wayyo Lantana! Gidan ya zama rijiyar da aka janye wa guga.

Na san ba ƙofar wasa ce ta kore ki ba. Shekara biyun nan da na yi a Libiya ne, waɗanda duk kika tambaya sai in mayar da su abin dariya. Na ce miki direban wani attajiri na yi. Ban taɓa tuƙa motar kowa ba. Ba mace ba ce, wallahi. Kunya ce, irin wadda ba ta rubutuwa.

Kina bi na labarin nan shekara goma sha shida. Ran Juma'a zan zo in biya, a zauren inna, ba wasa ko ɗaya a ciki, ko da a tsaye zan faɗe shi. In kin ji, ke za ki yanke abin da ya sami Dogo. Kada dai ki kashe rediyon kafin in iso.

Naki har a rufe ni da ƙasa,
Maharazu, baban Farida