Kada Ku Bari a Ware Mini Kabari

Da sunan Allah. Ni Sambo ɗan Osman, da hankalina garau nake wannan rubutu, ƙafafu ne kawai suka ƙi. Izzuddeen, Ibtisam, Ayman, da gangan na rubuta da Hausa. Wanda Larabci ya cinye masa harshe ya nemi ɗan'uwansa ya karanta masa.

Na ɗaya. Gida da hawasha, gonar da ubana ya bar mini, a raba yadda shari'a ta ce. Na tsufa ina aikin lauya a Sinja, na ga 'yan ciki ɗaya suna dafa Alƙur'ani a kan kunyar gona guda. Kada ku kai sunana kotu.

Na biyu. Kakina na soja da lambobin yaƙin Kurmuk na Ayman ne, littattafan shari'a na Ibtisam. Ba mai bina bashi.

Na uku. Izzuddeen, gabar da kake yi da ƙanwarka Ibtisam tun rasuwar uwarku Indo ta isa haka. Kai ne babba, kai za ka fara sallama.

Na huɗu, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Alhaji Jibo mai gari ya zo mini yana murna, wai dattawa sun yanke a haƙa mini kabari ni kaɗai a gefen masallaci, a kewaye da bulo, don girmamawa. Haba jama'a! Tun ranar da na dawo da taurari a kafaɗa garin nan yake ware ni. In na nufi tabarma sai a miƙe a kawo kujera. Da azumi kowa ya fito da tirensa titi a sha ruwa tare, ni sai a aiko mini nawa ɗaki a rufe. Waɗanda muka tsinci auduga tare muna yara sun bar kiran sunana, sai laƙabi: Janabu irin na hafsan soja, Ustaz, da na shiga majalisa a Damazin kuma Mai Girma. Na yi magana, suka ɗauka tawali'u ne, suka ƙara. Na san ƙauna ce. Amma tun da Indo ta tafi hannuna bai haɗu da na kowa a kwano ba. Wallahi kaɗaici ya ci ni fiye da yadda yaƙi ya ci ni.

Za su ce muku alheri ne, za ku ji nauyin furfurarsu. Ku uku ku haɗa baki ku ƙi, don in ɗayanku ya yi laushi shi ke nan, an kewaye ni har tashin ƙiyama. Ku kai ni maƙabartar gabas, inda layin kaburbura ya tsaya, ko wane ne na ƙarshe, manomi ko baƙo.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku. Ku riƙe juna, kada ku bar ɗayanku shi kaɗai ko da sunan girma ne. Ni dai, 'ya'yana, ku kwantar da ni kusa da mutane.