Ni Na Hana Mama Shiga Ɗakin Likitan

Anti Susanna, ki taimake ni, ban san da wane ido zan kalli ƙanwata ba.

Ni malama ce a Samaru, digiri biyu gare ni, kuma a gidanmu abin da na faɗa ya zauna. Bayan ƙanwata Diana ta rasa jaririnta, ta daina barci, ta daina cin abinci. 'Yan cocinmu suka ce addu'a, ni na ce asibiti. Na kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi a Sabon Gari, wurin wani likitan ƙwaƙwalwa mai taushin murya.

Ranar farko Mama ta miƙe za ta bi Diana ciki, wai ita ba ta barin 'yarta da namiji a ɗaki a rufe. Na yi mata lacca a gaban jama'a, har da Turanci, kan sirrin mara lafiya. Tun daga ranar a benci take zama tana ɓare gyaɗa.

Bayan wata uku Diana ta ce mini likitan yana taɓa ta inda bai kamata ba, yana cewa cikin magani ne. Na ce ciwon ne ke nuna mata haka. Ni da kaina na mayar da ita, har sau biyu. Makon jiya na ga saƙonninsa na batsa a wayarta. Yanzu ta zubar da magungunanta, ta ce ita da likita har abada, kuma ba ta kula ni. Mama ba ta sani ba tukuna.

Wata yaya, Samaru

'Yar'uwa, kai ta asibiti daidai ne, kuma mara lafiya na da haƙƙin ganawa da likita a keɓe. Sai dai haƙƙin na Diana ne, kuma babu wanda ya tambaye ta. Abin da mutumin nan ya yi ba magani ba ne, cin amana ne, laifinsa ne. Naki shi ne ƙin yarda da ita.

Je ki ce mata kin yarda da ita, ki ba ta haƙuri, kada ki haɗa da bayani. Ki roƙe ta kada ta goge saƙonnin. Ita za ta yanke ko a gaya wa Mama, ko a kai ƙara wurin 'yan sanda da hukumar da ke ba likitoci lasisi. Idan ta amince, ki raka ta.

Mafi gaggawa shi ne maganin, domin yanke shi kwatsam na da haɗari. Ki nemo mata likita mace a asibitin koyarwa na Shika cikin makon nan. Idan ba ta son tafiya da ke, ki samo wadda take so ta raka ta, ki koma gefe. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki haƙurin jira har ta yi miki magana.

Anti Susanna