Alhaji a Gindin Sheƙa

Lahadi, 12 ga Mayu, 2013

Na kasa barci. Yau ni ke gadin sheƙar shahon kifi a dajin nan na kudu da Paris. Dokarmu, mu masu aikin sa kai, ita ce a tsaya nesa, kuma kada a kai kowa wurin. Amma Alhaji, yayan mijina, ya zo daga Lyon, kuma ba a barin baƙo shi kaɗai a gida. Na tafi da shi.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya shiga gaisawa da mutanen Maraɗi da ƙarfi, yana tafiya neman rezon waya har gindin bishiyar da sheƙar take kai. Uwar ta tashi daga kan ƙwanta. Ga yayyafi, ga sanyi, ga hankaki suna shawagi. Tsuntsuwar da ta ƙetaro Sahara saboda ƙwan nan! Ina da zagi a harsuna uku, amma suruki ne, na haɗiye. Har muka bar wurin ba ta dawo ba.

A jirgin ƙasa, muna komawa gida, ya ce, "Haba Hajiya, tsuntsu ne fa. In ƙwai kike so, sai in saya miki kwali guda a kasuwar Château Rouge."

Na ce, "Na gode, Yaya."